Gadon Da Umma Ta Bari

A bayan ɗakin da ake ƙara wa masu ciwon daji magani akwai wani bencin ƙarfe da fentinsa ya gama ɓarewa, dab da ɗakin janareta. Nan Auta ke zuwa ta yi kukanta duk ranar da aka ɗaura wa Yayarta ruwan maganin nan mai zubar da gashi, don ba ta son Yaya ta ga hawayenta. Ranar ma zamanta ke nan, ta kifa kai a gwiwa, sai warin taba ya cika mata hanci.

Ta ɗago. Wani dogon saurayi ne cikin kayan aiki da suka yi baƙi da mai, ya jingina da bango, sufana a hannun dama, karan sigari a hagu.

Auta ba mai hayaniya ba ce, ko yaran ajinta sun san malamarsu ba ta ɗaga murya. Amma ranar zuciya ta ɗebe ta.

"Malam, ba ka ko jin kunya? Ka san su wa ke kwance bayan bangon da ka jingina? Mu da abin aka haife mu, muna gudu yana bin mu. Kai kuma da ƙafarka kake zuwa shago ka ce a ba ka."

Ya dube ta, ya dubi karan, ya yar ya murje da takalmi.

"Allah ya huci zuciyarki. Wa kike jinya?"

"Yayata."

"Allah ya tashi kafaɗarta. A gadon ƙarshe na ɗakin nan mahaifina ya cika, shekara huɗu ke nan. Maƙogwaro."

"Kuma kana sha?"

"Kuma ina sha," ya faɗa a hankali. "A aljihun rigarsa na fara samun tabar, ina ɗan shekara goma sha biyar. Wasu gida ake bar musu."

Ta kau da kai. Shi kuma ya ajiye mata gorar ruwan da bai buɗe ba a gefen bencin, ya koma wajen injinsa.

Duk bayan sati uku ake ƙara wa Yaya maganin, kuma tun daga ranar, duk zuwan da suka yi sai Auta ta same shi a wurin. Ma'aikatan asibitin Injiniya suke ce masa. Ita kuwa Mai Hayaƙi ta raɗa masa.

Yaya ce ta fara ganowa. Tana kwance, ɗankwali ya rufe kan da ba gashi, ta leƙa taga ta ce, "Auta, wannan janaretan yana da ladabi. Ba ya lalacewa sai ranar maganina."

"Kai, Yaya!"

"Je ki, ni dai. Ruwan nan awa uku yake yi, ba gudu zan yi ba."

A zuwa na huɗu ya karɓi lambarta. Washegari tana tsakiyar duba littattafan yara saƙo ya shigo.

"Kwana ɗaya ba hayaƙi, Malamata. Hannuna sai rawa yake, noti biyu na ɗaure a karkace. Ki ba ni maki."

Ta yi murmushin da ta daɗe ba ta yi ba, ta rubuta: "Ɗaurin noti, sifili. Ƙoƙari, goma bisa goma. Gobe ma a kawo aikin gida."

Kullum da safe sai ya kawo. Kwana tara. Kwana talatin. Ranar da ya cika kwana ɗari ya rubuto: "Yau na ji ƙamshin ruwan sama, rabona da shi tun ina yaro. Ke kika dawo mini da hancina, Hasken idona. Ki bar ni in turo manya."

Ta karanta ya fi sau goma, amma ba ta ba da amsa ba, saboda a satin ne likitar Yaya ta kira ta ofis.

Tarihin gidansu ba ɓoyayye ba ne. Umma ta rasu Auta na da shekara goma sha ɗaya, sankarar mama. Bayan shekara uku ƙanwar Umma ta bi ta, ciwo iri ɗaya. Kakarsu ma, in ji manya, wani ciwo ne a ƙirji da ba a faɗar sunansa. Yanzu ga Yaya, ko talatin da biyar ba ta cika ba. Baba ya zama mutum mai shiru, yana zaune a falo da rediyon da ba ya kunnawa.

Likitar ta zana sunayen a takarda, ta haɗa su da layi kamar rassan bishiya, ta ce a ɗebi jinin Auta. Da sakamakon ya fito ta sake kiranta, ta jawo kujera ta zauna kusa da ita maimakon bayan tebur. Tun daga nan jikin Auta ya ba ta.

"Kina ɗauke da abin da Yayarki ke ɗauke da shi," in ji likitar. "Wata 'yar tangarɗa ce a ƙwayar halitta, ana gadonta. Ki fahimce ni, ba ciwon ne da ke ba. Ƙofa ce da ba ta rufuwa da kyau. Cikin mata goma masu irin wannan, shida ko bakwai ciwon kan same su a tsawon rayuwa. Sauran har su tsufa ba abin da ke taɓa su."

"'Ya'yana fa?"

"Kowane ɗa, ko ya ɗauka ko ya tsallake, rabi da rabi ne. Abin da ke hannunki shi ne ki zo duk wata shida mu duba ki, ki riƙa motsa jiki, ki kula da ƙiba, ki nisanci hayaƙin taba. Wannan ba ya goge gado, amma yana rage masa ƙarfi. In ma ya zo, mu kama shi yana ƙarami."

A bencin ƙarfen ta gaya wa Injiniya, ba ta rage komai ba. 

"To, ni ma shekara goma sha uku na yi ina zuba wa ƙirjina hayaƙi," ya ce. "Kin ga ke nan mun dace. Ke an ɗora miki, ni na ɗora wa kaina. Mu haɗa kayan mu ɗauka tare."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma. Yau zan gaya wa Hajiya."

Bai iya ɓoye wa mahaifiyarsa komai ba, ya gaya mata har da maganar jinin.

Ranar Alhamis, an tashi yara, Auta na goge allo, sai ga wata dattijuwa a bakin ƙofa. Idanun kawai ta gani, irin na Injiniya sak, ta san ko wace ce. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ba ta kujerar malamai. Hajiya ta ƙi, ta zauna a kan ɗan bencin yara, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta.

"'Yata, ban zo faɗa ba. Ke kika raba ɗana da abin da na yi shekaru ina kuka a kai, har in mutu ina gode miki." Ta ja numfashi. "Amma shekara biyu na yi ina jinyar ubansa. Da cokalin shayi nake ɗura masa ruwa, yana dawowa ta hanci. Mutumin da ƙofa ke masa kaɗan, a ƙarshe ni kaɗai nake ɗaga shi in sauya zanin gado. Yaron nan yana tsaye yana kallo. Shi kaɗai gare ni. Ba zan iya ganin ya sake tsayawa a bakin irin gadon nan ba, balle a ce jikata ce wata rana a kwance. Ki yafe mini. Ki sake shi."

Da zagi ta zo da shi, da Auta ta sami abin riƙewa. Amma kuka Hajiya take yi, kuma duk abin da ta faɗa Auta ta riga ta faɗa wa kanta.

"Na ji, Hajiya," ta ce. "In sha Allahu ba za ki sake jin sunana a bakinsa ba."

Ta san in gaskiya ta gaya masa ba zai tafi ba. Akwai mataimakin hedimasta da ya daɗe yana kewaye-kewaye, ita kuma tana kaucewa. Da sunansa ta fake. Tana zaune a ajin da ba kowa ta rubuta:

"Injiniya, na yi tunani. Akwai wanda ya riga ka, abokin aikina ne, Baba ma ya san da shi. Na zaɓe shi. Kar ka neme ni. Ka riƙe kwanakinka, don Allah."

Ya kira har batirinta ya mutu. Kwana biyu bayan nan jikin Yaya ya rikice ana tsakiyar darasi, mataimakin hedimasta ya ɗauki Auta a motarsa zuwa asibiti. Tana fitowa daga gidan gaba suka yi ido huɗu da Injiniya, yana tsaye da galan ɗin mai. Ya dubi motar, ya dubi mutumin da ke riƙe mata jaka, ya juya. Da la'asar saƙonsa ya shigo.

"Na gani da idona. Allah ya ba ku zaman lafiya. Kwana ɗari da arba'in da ɗaya ne, Malama. Nan lissafin ya tsaya."

Ba a yi wata guda ba labari ya iso ta cewa Hajiya ta haɗa shi da 'yar aminiyarta, mai shagon turare, wadda ake yi wa kirari da cewa kakarta ta haura casa'in tana zare allura ba tabarau. Auta ta ce Allah ya sanya alheri, ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada Baba ya ji ta.

Ciwon Yaya ya kai ƙashi, daga nan ya kai hanta. Aka daina ƙarin maganin, aka dawo da ita gida. Auta ta ɗauki hutu, ita ke juya ta, ita ke shafa mata mai a baya, ita ke jiƙa mata leɓe da auduga. Wata safiya Yaya ta riƙe mata hannu da yatsun da suka zama kamar tsinke.

"Ina mai janareta?"

Auta ta gaya mata komai. Yaya ta rufe ido.

"Wata takwas na yi ina jin ƙullutun nan ina ɓoyewa," ta ce da ƙyar. "Ina tsoron in faɗa ya zama gaskiya. Kin ga inda tsoro ya kawo ni. Ke kuma kin shiga rami kin ja ƙasa tun ba a kira ki ba. Ki je a duba ki, Auta. Ranar da likita ta ba ki ta wuce, ina sane. Ki je gobe, ina raye, in ji da kunnena."

Auta ta je. Aka yi hoto, aka ce ta dawo a sake, aka tsikari wani wuri a mamanta da allura aka ɗebi ɗan nama. Da ta koma gida Yaya ta tambaye ta da ido, ta ce mata lafiya lau ne. Yaya ta yi murmushi. Bayan kwana biyar ta cika, da hantsi, kanta a cinyar ƙanwarta.

Sakamakon ya fito ana tsakiyar karɓar gaisuwa. Ƙullutu ne bai kai ƙwayar wake ba, amma shi ne. Likitar ta ce an kama shi da wuri, akwai kyakkyawan fata, sai dai saboda gadon da take ɗauke da shi shawararta a cire mata maman duka biyun. Maganar haihuwa kuma sai an ga irin maganin da zai biyo baya. Auta ta naɗe takardar ta cusa a ƙasan katifar Yaya. Ta rasa ta inda za ta fara gaya wa Baba, wanda tun dawowa daga maƙabarta bai ce uffan ba.

Ran kwana bakwai, mutane sun ragu, sai ga Hajiya. Ta yi wa Baba gaisuwa, ta nemi a kai ta wajen Auta. Ta rame, kamar ita ce ta yi jinyar.

"Ya koma wa tabar," ta ce, tun kafin ta gama zama. "Kwali biyu a yini. Maganar 'yar aminiyata ya ce in yi yadda nake so, shi bai da ta cewa, yarinyar da kanta ta janye. Da safe ina jin tarinsa ta bango, irin na ubansa sak. Na zo in raba shi da ciwon da ban san ko zai zo ba, na mayar da shi hannun wanda na san kamanninsa. Jiya na gaya masa ni na zo makarantarku. Ki taimake ni, 'yata."

Auta ta ɗaga katifar, ta ciro takardar, ta miƙa mata.

"Kin makara, Hajiya. Abin da kike tsoro ya riga ya iso."

Hajiya ba ta iya karanta rubutun likitoci ba, amma kalma ɗaya ta gane, ta sha ganinta a takardun mijinta. Ta riƙe takardar tana kallo. Auta ta jira ta ga ta miƙe ta nemi takalmanta.

"Yaushe ne aikin?"

"Nan da sati uku."

"Wa zai zauna da ke?"

Auta ta dubi gadon Yaya da aka naɗe shimfiɗarsa.

"Na iya jinya," in ji Hajiya, muryarta na karyewa. "Ban so na iya ba, amma na iya. Na san yadda ake juya mutum ba a fama masa ɗinki ba. Na san abin da ke zama a ciki in komai ya ƙi zama. Yana waje, a ƙofar gida. Tun safe ya ƙi shigowa."

A tsakar gida suka haɗu. Ya yi baƙi, idanunsa sun faɗa, warin tabar da ta tsana yana tashi daga rigarsa. Bai iya haɗa ido da ita ba.

"Na zubar da kwanakinki, Malamata."

"Ni na zubar da su. Ƙarya na yi maka, ba wani abokin aiki." Ta matso kusa da shi. "Amma ka ji wannan kafin ka ce komai. Ciwon ya zo. Za a cire duka biyun. Gashina zai iya zubewa kamar na Yaya. Wataƙila ba zan haihu ba, in na haihu wataƙila in ba 'yarka abin da Umma ta ba ni. Likita ta ce akwai fata, amma haka aka ce wa Yaya ma. Ba ni da alkawarin shekara goma da zan yi maka."

"Ni ina da shi?" ya ce. "Shekaranjiya Hajiya ta ja ni aka ɗauki hoton ƙirjina. Sun ce yanzu ba komai, amma abin da na zuba ba a wanke shi a rana ɗaya, in riƙa zuwa ana dubawa. Ba wanda ya ba ni takardar tsufa. Abu ɗaya nake roƙo. In an fito da ke daga ɗakin tiyata, kar a ce mini in tsaya a waje don ni ba kowanki ba ne."

Nan ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar da Yaya ta cika. Baba ya fito jin sautin, sai a lokacin ya ji komai. Ya dafa bango, ya zame ya zauna a ƙasa, Injiniya ya durƙusa a gabansa ya roƙe shi aurenta.

An ɗaura auren kwana huɗu kafin aikin, a falon Baba, mutanen ba su kai ashirin ba. Ba kiɗa, ba a ko ɗaga murya, gidan bai gama zaman makoki ba. Auta na ɗakin Yaya, akwatin kayanta na amarya a gefe ɗaya, jakar kwanciya asibiti a ɗaya gefen. Ta tsaya gaban madubi ta daɗe tana kallon yadda rigar ta zauna mata, ta san ba za ta sake zama haka ba. Wayarta ta yi ƙara.

"An shafa, matata. Yanzu duk ƙofar da aka shiga da ke, ni ne na farko a bakinta. Fito in gan ki, Hasken idona."

Hajiya ce ta shigo ta share mata fuska da gefen mayafinta, ta kama hannunta ta kai ta falo. Suka durƙusa gaban Baba, ita da mijinta. Baba ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kansa. 

"Allah ya yi muku albarka. Ya sa ku zame wa juna sutura, a lafiya da rashinta. Ya ba ku zuri'a in da rabo, ya tsallakar da su abin da muka gani." Ya tsaya, hawaye na bin furfurar gemunsa. "Ya Allah, ni na sa uwarta a ƙasa, ni na sa yayarta. Wannan kam ka bar mini ita. Ita ta raka ni."

Shessheƙa ta cika ɗakin. Injiniya ya laluba hannun matarsa a ƙarƙashin mayafi ya damƙe, ita ma ta damƙe nasa. Hajiya ce ta fara cewa amin, sauran suka amsa.